Yadda ake sake fasalin shafin laburare da rumbun bincike tare da masu amfani da shi

Idan jami'a ko cibiyar bincike ta tashi sabunta shafinta na laburare, ko rumbun da take ajiye kundayen digiri, ko dandalin mujallunta, abin da aka saba shi ne a kafa kwamiti, a kira mai zanen shafi, a nuna wa shugabanni launi biyu su zaɓi ɗaya. Bayan wata uku sai a buɗe sabon shafi yana ta ƙyalli, ita kuwa ɗalibar da ke fama da babi na biyu har yanzu sai ta roƙi ƙawarta ta turo mata maƙala ta WhatsApp, domin ta shiga shafin ta rasa inda za ta nufa. Maganin wannan shi ne a zauna kusa da masu amfani da shafin a kalli hannunsu yayin da suke aiki, tun kafin a zana komai, kuma a riƙa maimaita hakan har ranar buɗewa. Misalan da ke nan sun fi karkata ga DSpace, manhajar rumbun bincike da MIT da HP suka fitar a 2002, da kuma OJS, manhajar tafiyar da mujallu a intanet, saboda su ne suka fi yawa a jami'o'inmu, amma tsarin ya dace da kowane shafi na ilimi.

Fara da sawun da mutane suka riga suka bari

Kafin ku kira kowa, ku ware mako biyu ku tattara abin da ke hannunku. Daga ma'aunin masu ziyara, ko Google Analytics ne ko Matomo, ku ciro lissafin shekara guda cif, domin zangon rubuta firojet da lokacin hutu ba ɗaya ba ne. Abu huɗu kuke nema: shafuka 20 da aka fi buɗewa, kashi nawa ke shigowa ta waya, daga ina suke fitowa, da kalmomi 100 da aka fi rubutawa a akwatin bincike. Cikin na ƙarshen ku ware waɗanda ba su fitar da komai ba, a nan ake ganin inda shafin ke korar mutane.

Ku lura da ƙofar shigowa. A rumbun bincike, mutane da yawa ba sa taɓa ganin shafin farko. Google ko Google Scholar ne ke jefa su kai tsaye kan shafin kundi ɗaya. Idan haka lissafinku ya nuna, to shafin kundi shi ne zauren gidan, a kansa ya kamata a kashe mafi yawan lokaci, ba kan hoton ginin laburare da jawabin maraba ba.

A lokaci guda ku ajiye littafi a kan kanta, ma'aikata su riƙa rubuta duk tambayar da aka yi musu, da kalmomin mai tambayar. Idan ɗalibi ya ce "ina ake samun fas kwesin" ko "ina firojet ɗin 'yan bara", a rubuta haka, kada a gyara masa. Za ku buƙaci waɗannan kalmomi nan gaba.

Wa za a gayyata

Ku kasa masu amfani gida-gida bisa aikin da ke kawo su: 'yan ajin ƙarshe masu firojet, ɗaliban digiri na biyu da na uku, malamai, masu ɗora aiki kamar marubuta da editocin mujalla, sai manazarta na waje waɗanda ba su da lambar shiga. Ku tabbata akwai aƙalla mai larurar gani guda. Ma'aikatan laburare da ɗaliban kwamfuta kada su shiga cikin masu gwaji, sun san hanya tun tuni, ba za su yi tuntuɓe inda sauran jama'a ke yi ba.

Yawan mutane bai kai yadda ake zato ba. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, bisa aikin da suka yi da Thomas Landauer a 1993, ya nuna cewa mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin da gwajin kallon masu amfani zai iya ganowa, kuma ya fi amfani a yi zagaye uku na mutum biyar-biyar, ana gyara tsakaninsu, da a tara mutum 15 a lokaci ɗaya. Wannan lissafi na mutane ne masu aiki iri ɗaya. Tunda ku kuna da rukuni daban-daban, ku ɗauki uku ko huɗu daga kowane babban rukuni.

Kada ku sa gwaji a makon jarrabawa. Ku tanadi ɗan ihsani, katin data ko kuɗin mota, a bai wa kowa ko ya yi nasarar ayyukan ko bai yi ba. Ku rubuta takardar amincewa mai shafi ɗaya da ke faɗin abin da za a naɗa, wa zai gani, da ranar da za a goge. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan. A takardun aiki a sa lamba a madadin suna. Inda ɗalibai mata za su fi sakewa da mace, mace ta jagoranci zaman.

Akwai wata matsala tamu da sai an yi mata shiri na musamman, wato kunya da girmama na gaba. Ɗalibi ba zai ce shafi bai yi ba a gaban Farfesa ko shugaban laburare, zai ce "ranka ya daɗe, ya yi kyau sosai" ko da ya kwashe minti goma yana lalube. Saboda haka manya kada su zauna a ɗakin, haka wanda ya zana shafin, domin ba zai iya kame bakinsa ba. Mutum biyu sun isa: mai jagora da mai rubutu.

Gwajin tsohon shafi

Wannan shi ne ginshiƙin aikin, kuma a kan tsohon shafin ake fara shi. Zama ɗaya minti 40 zuwa 45. Minti goma na farko hira ce. Kada ku tambayi mutum me yake so a sabon shafi, zai lissafo muku abubuwan da ya gani a wani wuri. Ku ce masa: "Yaushe rabonka da neman wata maƙala? Ba ni labarin yadda ka yi har ka same ta, ko ka haƙura." Amsar irin wannan tambaya ita ke nuna cewa ya fara da Google, ya ci karo da shafin da ke neman kuɗi, bai san jami'arsa na da damar shiga Research4Life ba (shirin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun kuɗi kyauta ko da rahusa), daga ƙarshe ya tambayi abokinsa.

Daga nan sai ayyuka, biyar zuwa bakwai, kowanne a rubuce a kan kati. Rubuta aiki yana da ƙa'ida: ya zama labarin buƙata ta gaske, ya kasance yana da amsa da za a gane an kai gare ta, kuma kada ya ƙunshi kalmar da ke kan maɓallin da kuke so a danna. Idan kun rubuta "shiga Institutional Repository ka nemo kundi", kun ba da amsa. Ku rubuta kamar haka: "Malamin da ke duba aikinka ya ce wani ya taɓa rubuta kundin digiri na biyu kan noman albasa a wannan jami'a. Nemo shi ka sauke a wayarka." Ko: "Kana gida da dare, kana son karanta wannan maƙala da aka rubuta maka sunanta. Duba ko za ka iya." Ga editoci da marubuta: "Ga fayil ɗin maƙalarka, tura ta ga mujallar sashenku." Ku fara da mai sauƙi don hankalin mutum ya kwanta.

A wayar mutum za a yi, da irin datarsa, a inda ya saba zama idan zai yiwu. Kwamfutar ofis mai faffaɗan allo da intanet mai ƙarfi tana ɓoye rabin matsalolin. Kafin a fara, mai jagora ya ce: "Malama, ba ke muke gwadawa ba, shafin muke gwadawa. Duk inda kika maƙale laifinsa ne, kuma shi muka zo nema. Ki riƙa faɗin abin da ke ranki da ƙarfi, me kike nema, me kike zaton zai faru idan kin danna." A bar mutum ya yi magana da harshen da ya ga dama.

Sai abu mafi wuya, wato yin shiru. Ku ƙaddara ɗaliba ce riƙe da waya mai tsagaggen gilashi, ta buɗe shafin kundi, tana ja da babban yatsa ƙasa, ta wuce suna, ta wuce taƙaitaccen bayani, ta wuce wani dogon jeri na lambobi, ta koma sama, ta danna hoton bangon kundin bai buɗe ba, ta ɗago ta dube ku. Maɓallin saukewa yana can gefen dama, ya fita daga allon wayar. A daidai wannan lokaci bakin mai jagora zai yi ƙaiƙayi. Abin da zai ce kawai shi ne "me kike nema yanzu?" ko "da kina gida ke kaɗai me za ki yi?" Idan minti uku zuwa huɗu suka wuce ba ci gaba, a gode mata a wuce aiki na gaba.

Mai rubutu yana cika layi ɗaya ga kowane aiki: an gama ba taimako, an gama da ƙyar, ko an kasa; minti nawa; ina aka fara dannawa; da kalmomin da mutum ya furta. Abin da ya yi daban, abin da ya ce daban, kada a gauraya. Sau da yawa wanda ya kasa ayyuka huɗu cikin shida shi ne zai ce shafin yana da sauƙi. Idan kuna son lamba ɗaya da za ku kwatanta tsoho da sabo, ku ba da tambayoyi goma na ma'aunin SUS, mai auna sauƙin amfani da manhaja, wanda John Brooke ya ƙirƙiro a 1986. Kowace tambaya ana amsa ta daga 1 zuwa 5. A tambayoyi na 1, 3, 5, 7, 9 a cire 1 daga amsar, a sauran a cire amsar daga 5, a tara duka a ninka da 2.5. Makin yana tsakanin 0 da 100, kuma wajen 68 ne matsakaici. Da mutum biyar wannan lamba manuniya ce kawai, kada a gina rahoto a kanta.

A ranar da aka gama, kafin a manta, ku zauna awa ɗaya ku jera matsalolin. Kowace a auna ta da abu biyu: mutum nawa ta kama, kuma ta hana aiki ne gaba ɗaya ko jinkiri kawai ta jawo. Ku zaɓi goma mafi muni.

Sunaye da tsarin jerin zaɓi

Mafi yawan ɓata a shafin laburare daga sunaye take. OPAC, Serials, E-Resources, Communities and Collections, duk yaren ma'aikata ne. John Kupersmith na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya tattara sakamakon gwaje-gwajen laburare masu yawa, ya ga cewa irin waɗannan kalmomi suna rikita har ɗaliban da Turanci ne harshensu na gida, kuma sunayen da ke faɗin aiki kai tsaye, irin "nemo littafi" da "nemo maƙala", sun fi kai mutane inda suke so.

Hanyar gano tsarin da ya dace ita ce rarraba katuna. Ku yanka kwali, ku rubuta abu ɗaya a kowane kati: lokutan buɗewa, tsofaffin takardun jarrabawa, kundayen digiri, yadda ake shiga daga gida, sabunta aron littafi, da sauransu, katuna 30 zuwa 50. Ku bai wa mutum ɗaya a lokaci guda, ya kasa su tsibi-tsibi yadda ya ga sun dace, ya raɗa wa kowane tsibi suna. A ɗauki hoto, a cakuɗa katunan, a kira na gaba. Nan ana buƙatar mutane fiye da na gwaji, wajen 15, saboda abin da ake nema shi ne inda ra'ayi ya haɗu. Katin da kowa ya ajiye a wuri daban alama ce cewa sunansa bai fito ba, ko kuma yana buƙatar ƙofa biyu. Daga nan ku fitar da manyan rukunai biyar zuwa bakwai, ku koma littafin kanta ku ɗauko sunayensu daga bakin masu tambaya.

Zane a takarda kafin a taɓa kwamfuta

Ku zana allon waya a takarda, shafi huɗu sun isa: shafin farko, sakamakon bincike, shafin kundi ɗaya, da fom ɗin ɗora aiki. Mutum yana taɓa takarda da yatsa, ɗayanku yana canza masa shafi kamar shi ne wayar. Ayyukan dai su ne na baya. Amfanin takarda shi ne ba wanda ke jin nauyin kushe ta, kuma gyara na biro ne da minti biyu. Bayan zagaye ɗaya ko biyu sai a gina samfurin da ake dannawa, a sake kiran sababbin mutum biyar. Kada a maimaita waɗanda suka riga suka gani.

Akwatin bincike da haruffa masu lanƙwasa

Wannan ɓangare ya shafe mu kai tsaye, kuma masu gina shafi kan manta da shi. Kundi yana ɗauke da suna "Waƙoƙin Ɗan Maraya", mai nema kuma ya rubuta "wakokin dan maraya" saboda allon rubutun wayarsa ba shi da ƙ da ɗ. A wurin kwamfuta k da ƙ haruffa ne mabambanta, don haka sai ta ce babu. Haka idan an shigar da sunan ba lanƙwasa, mai nema ya rubuta da lanƙwasa. Ga kuma bambancin rubutu tsakanin ƙasashe: Najeriya na rubuta 'y, Nijar na rubuta ƴ. Ita kanta alamar ɗauri, wato ' ɗin da ke cikin 'y, tana zuwa iri-iri, miƙaƙƙiya da lanƙwasasshiya, kuma injin bincike kan ɗauke ta a matsayin wurin raba kalma.

DSpace da wani injin bincike mai suna Solr yake bincike, kuma Solr yana da matata mai suna ASCIIFoldingFilter da ke daidaita ɓ da b, ɗ da d, ƙ da k, ƴ da y a wajen nema, ba tare da ta taɓa yadda sunan ke bayyana a allo ba. A sa ta a ɓangare biyu, wajen jera bayanai da wajen karɓar tambaya, sannan a sake jera rumbun gaba ɗaya, in ba haka ba tsofaffin kundaye ba za su amfana ba. Kada a warware matsalar ta hanyar cire lanƙwasa daga sunayen ayyuka. "Ƙasa" da "kasa" ba ma'anarsu ɗaya ba. Ku kuma duba cewa salon harafin da aka zaɓa wa shafin yana da waɗannan haruffa manya da ƙanana, don kada su fito kamar akwati ko su sha bamban da maƙwabtansu. Inda rumbun ke da rubutun ajami ko Larabci, a gwada shi ma, daga dama zuwa hagu, tare da wasulla.

Sunayen marubuta ma haka. Mutum ɗaya zai fito a matsayin Muhammad, Mohammed, Muh'd, a Nijar kuma Mahamadou, wani lokaci sunan garinsu ne a gaba. Ku sa aiki ɗaya a gwaji da ke cewa a nemo duk abin da wani malami ya rubuta, za ku ga yadda aikinsa ya warwatse gida huɗu. Gyaran na dindindin shi ne jerin sunaye da aka daidaita, da haɗa kowane marubuci da lambarsa ta ORCID, lambar shaidar manazarci wadda kyauta ake yin ta.

Raunin sabis da larurar gani

A burauzar Chrome akwai kayan aikin masu gina shafi da ke rage gudun intanet zuwa na 3G. Ku buɗe kowane samfuri a haka. Hotuna masu juyawa a shafin farko su ne kan gaba wajen cinye data, a cire su. Kusa da maɓallin saukewa a rubuta girman fayil, don wanda ya rage masa megabayit 30 ya san abin da zai shiga. Kundin da aka yi wa sikanin a matsayin hoto yakan yi nauyi ƙwarai kuma ba a iya bincika cikinsa. A matse shi, a bi shi da manhajar gane rubutu, a duba abin da ta yi wa haruffa masu lanƙwasa domin takan ɓata su.

Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu larura amfani da shafukan intanet, sun ba da ma'auni bayyananne: bambancin hasken rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, shafi ya karantu a faɗin fiksel 320 ba tare da ja gefe ba, kuma a iya yin komai da allon rubutu kaɗai. Amma ma'auni ba ya maye gurbin zama da makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa allo da murya, NVDA a kwamfuta ko TalkBack a waya. A nan za ku ji da kunnenku yadda maɓalli marar suna ke fitowa, manhajar tana ta cewa maɓalli, maɓalli, ba bayanin na mene ne.

Kai sakamako gaban shugabanni

Rahoto mai shafi 40 ba a karanta shi. Ku kai shafi ɗaya mai matsaloli goma, da bidiyon minti uku na hannaye da allo, ba fuska, bisa izinin masu shi. Idan wani babba ya nace sai hotonsa da jawabinsa sun zauna a sama, kada a yi jayayya. A ce "ranka ya daɗe, bari mu gwada duka biyun da ɗalibai biyar ranar Talata", a kawo masa abin da aka gani.

Ranar ƙaura

A nan ne aiki mai kyau kan lalace. Shafin ilimi yana da nauyin da shafin kasuwa ba shi da shi: an riga an buga adireshinsa a ƙarshen maƙalu da kundaye, ba mai iya komawa ya gyara su. Kafin ƙaura ku fitar da jerin duk tsofaffin adireshi, ku yi wa kowanne karkatarwa ta dindindin mai lamba 301 zuwa ainihin sabon wurinsa, ba zuwa shafin farko ba. Masu tashi daga DSpace 6 zuwa 7, wanda ya fito a 2021, su kula da adireshin da ke ɗauke da xmlui ko jspui, domin sabon tsarin ba ya amfani da su. Ku duba lambar Handle ɗinku, wadda ake gina adireshin dindindin na kowane kundi a kanta: idan 123456789 ce, wannan lambar misali ce da ke zuwa da manhajar, ba a yi mata rajista ba, kuma mahaɗin hdl.handle.net da aka gina a kanta ba ya kai kowa ko'ina. Mujallar da ta canza adireshi ta sabunta inda kowace DOI, wato lambar dindindin ta maƙala, ke nunawa a wurin Crossref, hukumar da ke rajistar su.

Google Scholar yana karanta wasu alamomi a bayan shafi, irin citation_title, citation_author, citation_publication_date da citation_pdf_url. Sabon zane kan share su ba a sani ba, kuma Scholar da kansa ya ce gyaran abin da ya riga ya shigar yakan ɗauki wata 6 zuwa 9. Ku buɗe rubutun lambobin da ke bayan shafin kundi biyar ku gani da ido kafin buɗewa. Ku gwada ƙofar OAI-PMH ma, ta nan ne manyan rumbuna irin CORE da BASE ke ɗibar bayananku.

Ku buɗe a lokacin hutu, da ajiyayyen kwafin tsohon shafi a gefe. Makonni huɗu na farko a duba jerin kuskuren 404, wato adireshin da aka nema ba a samu ba, kowace safiya, a toshe mafi yawan faruwa. A sanar da waɗanda suka zo gwaji abin da aka canza saboda su, ko da ta saƙon waya ne, domin su ne za ku sake nema su kawo muku abokansu. Bayan wata ɗaya ku maimaita ayyukan nan na farko da sababbin mutum biyar, ku ajiye sakamakon kusa da na tsohon shafi. Daga nan ku tsayar da safiya ɗaya a kowane wata, mutum uku, ayyuka huɗu, ku sa ta a kalandar laburare da sunan ma'aikacin da zai riƙa kiran mutane.